Jan Zare a Littafin Maman Ebere

Ku kife wayoyin nan, ku gyara zama. Ga ta nan tafe gare ku, ba ta dawa ba ce, ta cikin gari ce, a nan Gyaɗi-Gyaɗi aka yi ta, kuma da ni aka yi. Mai jin barci ya tashi tun yanzu, don ba na maimaita magana.

Na ji ku jiya kuna cewa ɗinkin littafi ba sana'a ba ce, wai gam ne da inji, a danna a miƙa wa mai shi. To, abin da kuke yi ke nan a shagonku na bakin asibiti, ku huhhuda takarda ku zura mata baƙar roba kamar ƙayar kifi, kafin damina ta zagayo ta fara zubar da ganye. Ni akwai littafin da na ɗinka ina goye da ubanku, yau ma ana buɗe shi.

A hannun mijina, kakanku Malam Habu, na koya. Su dukawa ne tun kaka da kakanni, gafaka suke yi wa alarammomi, don Alƙur'ani rubutun hannu ba a ɗinke shi, ganye-ganye yake zama a cikin fata. Da 'yan boko suka cika unguwa sai ya koma ɗinka musu nasu. Lokacin da hannunsa ya fara rawa ya riƙa kawo aikin gida, amma na daɗe ban taɓa allura ba. Dama garin rogo kawai nake yi, ina zuba masa ruwan maɗaci don kada kyankyaso ya yi biki a gadon bayan littafi. Daga nan aka ba ni murza zare da kakin zuma. Daga nan ƙashin haƙarƙarin saniya na ninke takarda, wanda ya yi santsi don tsufa, yana nan a adudu in kuna son gani. Sai a ƙarshe ya miƙo mini basilla, ya ce in huda a kan ninki, in na kauce ko da faɗin gashi na ci harafin wani.

Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Lambar saman shafi kawai na sani. Na taɓa yi masa ƙorafin haka, sai ya ce ai gara ma, wanda ya iya karatu shi ke jin ƙaiƙayin gyara wa marubuci magana.

Doka biyu ya bar mini. Ta farko, duk abin da ya fito daga jikin littafi, ko ɓarɓashin da gara ta rage ne, a ƙulle shi a tsumma a mayar wa mai shi. Ta biyu ta zare ce. Littafi yakan zo da giɓi, ɓera ya ci ko ruwa ya narkar, sai mai shi ya samo wani mataccen littafi irinsa a ciro ganye a cike. Malam ya ce ɗan gida da farin zare, baƙo da ja. Duk wanda ya buɗe tsakiya ya ga ja, ya san nan wurin ba da shi aka haifi littafin ba.

Akwai wani mai babbar riga da ya taɓa zuwa da takardun fili ɗinkakku, da wani sabon ganye a aljihu wanda har ya turara shi da hayaƙi don ya yi duhu. Ya ce in saka masa a tsakiya da farin zare, yadda ba za a gane ba. Na ce masa ja gare ni. Ya ce zai sayo mini fari. Na ce ai idona ne ba ya ganin fari ran Laraba. Ya tattara ya fita. Tun daga nan duk wanda ya ce mini yadda ba za a gane ba, sai na ɗago na sake duban fuskarsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Maman Ebere maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ibo ce, amma ta fi ku jin Hausa, don tun tana amarya ta zo Kano. Manja da kayan miya take sayarwa a bakin layi. Mijinta Oga Sunday kafinta ne, ɓarin jikinsa ya shanye ya kwanta. Tana da wani Baibul na Turanci, baƙi mai kauri, gadon uwarta, kullum da safe kafin ta buɗe shago sai ta karanta masa wuri guda, ina jiyo ta ta katanga. Ta taɓa ba ni labarin wurin. Wai wani tafki ne da marasa lafiya ke kwance a gefensa, mala'ika kan sauko ya motsa ruwan, wanda ya riga shiga ya warke. Sai Annabi Isa ya tarar da wani da ya daɗe a kwance ba mai saka shi, ya tashe shi. Ta ce mijinta ba ya karya kumallo sai ya ji an zo kan mala'ikan nan.

Shekarar da kwata ta toshe ruwa ya shigo mana gidaje har gwiwa, ita tana asibiti tana jinyarsa. Da ruwa ya janye sai ga 'yarta Ebere, mai karatun nas, ta shigo da littafin a leda, ya kumbura kamar burodi. Ta ce ita ta sauke shi ƙasa tana gyaran ɗaki ta manta. Na shanya shi a inuwa, ba a rana ba, rana nannaɗe takarda take yi. Ina raba ganye da gashin kaza, ina sa alawayyo a tsakani, ina dannewa da dutsen niƙa. Mafi yawansa ya tashi. Amma wani ɗauri guda a can wajen ƙarshe ya manne, tawadar da aka yi rubutu da ita a gefe ta malale ta rine shi, wani wurin ya narke kamar tuwon da ya kwana a ruwa.

Ebere ta tafi Sabon Gari ta dawo da wani tsohon Baibul marar bango, tsayinsu ɗaya, ta ciro ganyen da ta ce su ne daidai da giɓin. Na jera su. Lambar saman ba ta bi tamu ba, kuma a ƙasan shafi akwai wani ƙaramin rubutu kamar tururuwa, wanda na uwarta ba shi da shi. Na ce mata wannan ba ɗan uwansa ba ne. Ta ce Baibul ai Baibul ne, idon Mama ya yi rauni, ba za ta lura ba.

"Inna, ki sa fari don Allah. Yadda ba za ta gane ba."

Na ɗago na dube ta. Yarinyar da aka haifa a gabana ce. Ba ɓarauniya ba ce, tsoron uwarta take ji. Amma na ce mata zare bai san tsoro ba, ja zan sa. Na ɗinka, na yi masa sabon bango da fatar akuya, na ƙulle ruɓaɓɓun ganyen a tsumma. Da ta zo karɓa ta ɗauki littafin ta bar ƙullin da gawar wancan na Sabon Gari, wai sai ta dawo. Ba ta dawo ba, an tura ta wani asibitin ƙauye aikin koyo.

Da aka sallamo Oga Sunday, washegari na ji karatu ya fara ta katanga. Ya ɗan yi nisa sai ya tsaya. Aka sake farawa, aka sake tsayawa. Kafin in sauke koko ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta buɗe littafin a kan tabarmata ta ɗora yatsa. Ta ce ga aya ta uku, ga ta biyar, ina ta huɗu? Mala'ikan ba ya nan. Na duba, lamba dai na sani, gaskiyarta, an tsallake. Sai ta bankaɗa tsakiya, ga jan zarena kwance.

"Hure, tun yaushe muke cin abinci a kwano ɗaya? Ashe abin da malamanku ke faɗa a lasifika, wai an canja littafinmu, ke aka ba aikin canjawar."

Na ce mata ban san harafi ɗaya a ciki ba balle in zaɓi na cirewa. Ta ce shi ya sa, wani ya nuna mini wurin. Na miƙa mata ƙullin na ce ga ganyenta na asali. Ta kwance ta ga yadda ya narke, ta ce to ga shaida ma, na yage na jiƙa. Na ce Ebere ce ta kawo baƙon. Ta ce yanzu ta gama waya da Ebere, gyaran bango kawai yarinyar ta kawo, ban da littafinta har 'yarta zan haɗa. Ta kwashe kayanta ta fita.

Magana ba ta kwana ba. Ta kai wa fastonsu, wani matashi, ya duba ya ce wannan bugun masu rage maganar Allah ne, a bincika wanda ya turo ni da shi. Mutanen cocinsu masu kawo mini littafin waƙa da Baibul daga Hotoro har Tarauni suka ɗauke ƙafa, waɗanda nasu ke hannuna suka aiko a karɓa ba a gama ba. Na ce to, ai ina da nawa mutanen. Sai ga Tasi'u mai kemis, wanda ba ya gajiya da muhawara da Kiristoci a bakin shagonsa, ya zo bakinsa har kunne. Wai ya ji an kama su dumu-dumu, aya ta ɓace, in ba shi gawar littafin da aka ciro ganyen ya nuna wa duniya. Na ce masa ba nawa ba ne, ajiya ce. Ya ce ashe kare su nake yi. Ya bi layi yana cewa tsohuwa ta sha manja ya toshe mata baki. Ɗaliban likitanci masu kawo mini aiki ma suka ragu, ba mai son a gan shi a ƙofar da ake nunawa da leɓe. Na koma suyar gyaɗa. Kakin zumana ya bushe har ya tsage. Karatun safe bai sake tsallako katanga ba, aka kuma ce Oga Sunday ya rage cin abinci.

Baba Yohanna tsoho ne mutumin kudancin Kaduna, ya yi aikin gwajin jini har ya yi ritaya, yana wa'azi a wata ƙaramar coci a Tarauni. Tun zamanin Malam yake kawo mana aiki. Ya tafi gida noma, sai da kaka ya dawo ya ji labari. Ya sa aka kira Maman Ebere da littafinta, muka zauna a soro, ni a nan, ita a can tana kallon bango.

Ya buɗe ya ga jan zare. Ya ciro nasa daga jaka, ɗinkin Malam, ya nuna mata wurare masu ja, ya gaya mata dokar gidan nan. Ya ce ɓarawon da zai shiga gida ba ya ɗaura wa ƙafarsa ƙararrawa. Sannan ya gyara tabarau ya karanta mata ƙaramin rubutun ƙasan shafi. Mala'ikan yana nan, sauko da shi aka yi.

Ta tambaye shi wa ya isa ya sauko da mala'ika. Ya ce kafin a yi injin bugawa da hannu ake kwafar littafin, wannan daga wancan, gari ya miƙa wa gari. An tono tsofaffin kwafi, wasu a Masar inda yashi ya hana su ruɓewa, wasu a kan fata, wasu a kan takardar da aka yi da wata irin ciyawar bakin ruwa, da harshen Girka, kuma mafiya tsufa a cikinsu ba su da ayar nan. Masana suna zaton wani mai karatu ne ya rubuta ta a gefe don ya bayyana abin da ya sa ake jiran ruwan, na bayansa ya zo kwafa ya zaci mantuwa aka yi, ya shigar da ita ciki. Wannan kam na gane shi, don na sha ganin gefen shafi ya fi tsakiya cika, shi ya sa ba na datse bakin littafi.

Maganar ta wanke ni, amma ban saki jiki da ita ba.

"Baba, kai da bakinka ka ce an ƙara. In an ƙara ɗaya, wa ya tsare sauran? Mu namu a ka yake, alaramma ya rubuta, a kai wa gwanaye su bi shi wasali-wasali."

Ya ce su kuma yawa ne ya tsare musu. Kwafin dubbai ne, na Masar bai ga na Sham ba, na Sham bai ga na Rum ba, in hannun wannan ya zame sauran su tona shi. Da guda ɗaya ne tak, ai da ba wanda zai san an ƙara komai. Ya ce wuraren da ake shakka sanannu ne, yawancinsu harafi ne ko kalma, 'yan kaɗan ne masu tsawo, kuma su ne ake yi wa alama.

"Wannan ƙaramin rubutun shi ne jan zarenmu, Inna Hure."

Na ce wa ya ga tsofaffin da idonsa, ko dai Turawa ne suka ce? Ya ce shi dai bai je ba. Ya ciro waya ya nuno mini hoton wani ganye mai launin ƙasa, gefensa duk ya cinye. Rubutun bai ce mini komai ba. Ninkin na duba, na ga hujin allura a jere, ko wane ne ya yi shi ɗan sana'armu ne. Amma hoto hoto ne, mai babbar riga ma ya turara nasa da hayaƙi. Na faɗa masa haka ya yi dariya har da tari. Ya ce masu binciken sun fi ni zargi, wasunsu ma ba su yarda da addinin ba, burinsu su kama jabu, kuma sun sha kamawa.

Na ce to, shaidu dubu, in duk daga baki ɗaya suka ji fa? Ya cire tabarau ya goge.

"Takarda iyakarta ta nuna ko an riƙe maganar ko an zubar a hanya. Ko maganar gaskiya ce, wannan ba aikin takarda ba ne. A nan ni da ke muka rabu, kuma ba yau za mu gama ba."

Na ce yanzu ka yi magana.

Sai a nan Maman Ebere ta juyo ta tambaye shi ko uwarta ta mutu tana karanta ƙari ke nan. Ya ce uwarta ta karanta abin da aka ba ta, kuma mutumin da aka tasa yana nan a kowane kwafi, wanda ya tashe shi ma yana nan. Ta ce ita dai ba ta yarda da masu saukar da mala'ika ƙasan shafi ba, kuma har yanzu ba a gaya mata wanda ya kawo ganyen ba. Ya ce ta kira masa Ebere. Ya karɓi wayar ya gaisa da ita, ya tambayi aiki, sannan a hankali ya ce, 'yata, wa ya je Sabon Gari? Sai muka ji kuka a wayar. Uwar ta karɓe wayar ta koma yarensu. Ban nemi tafinta ba.

Ba ta ba ni haƙuri da baki ba, ba irinta ba ce. Washegari ta yi sallama, ta shigo da littafin da ƙullin tsumman da kwalbar manja, ta ce manjan in ajiye shi a bakin ƙofa inda Tasi'u zai gani. Ta ce in cire baƙon in mayar da na uwarta. Na ce rabinsa ya narke, ba zai karantu ba. Ta ce a kanta yake, ganyen take so. Muka kwance ƙullin tana nuna mini, sai ga wanda ke ɗauke da mala'ikan, ƙasansa ya tafi, samansa na nan da shuɗin tawadar uwarta. Na ce zan yi masa majingina da siririn ƙyalle. Har na ɗauko aska zan yanke ja, ta riƙe mini hannu. Ta ce in bar shi, ran da ba ta nan jikoki ba su da shi a ka.

Na ce to wane zare.

"Na uwata fari. Wancan ki bar masa jansa, kowa ya san matsayinsa."

Haka na ɗinka su gefe da gefe, littafin ya ƙara kauri har sai da na sake masa bango. Ran da ta karɓa, washegari karatu ya tsallako katanga, ya zo wurin nan ya wuce bai tsaya ba. Na ji ƙarar cokali a kwano.

Oga Sunday bai tashi ba. Ya ƙara ganin damina, ya rasu a kan gadonsa, aka kai shi garinsu. Ebere nas ce yanzu, ita ke kawo mini littattafan 'ya'yanta, kuma in tana magana da ni har yau zaren hannuna take kallo. Faston nan an mayar da shi wani gari, ban ji ya janye maganarsa ba. Tasi'u ya samo zancen ayar a wayarsa, ya tare Baba Yohanna da shi a bakin kemis, tsohon ya ce ai shi ma ya sani, ya ƙara masa wasu wuraren da bai gano ba. Suka zama abokan gardama, ba wanda ya kayar da wani, har idon Baba ya mutu 'ya'yansa suka mayar da shi gida. Maman Ebere ta rufe shago ta koma Darmanawa wurin 'yarta. Duk Kirsimeti tana aiko mini da shinkafa, duk Sallah ina aika mata da nama. Tana kan littafinta, ina kan nawa.

Aiki kuma rabinsa ne ya dawo, rabin injinku ya cinye. Ni ga ni nan, ramin allura ya fi ƙarfin idona.

Tatsuniyar ta tsaya a nan, ba don ta gaji ba. Ku ɗauko mini adudun can. Akwai sauran ƙullin ja a ciki, ku tafi da shi shago. Robarku duk baƙa ce, ɗan gida da baƙo kala ɗaya. In an kawo muku ganyen ciko ku ɗaura masa ko da sili guda ne, in kuma mai shi ya ce yadda ba za a gane ba, ku ɗago ku dubi fuskarsa.